Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Bazara da Lafiyar Jama'a a Ƙasar Gwarzo da Kabo



 Da aka nemi mu zaɓi abin da za mu yi magana a kansa, sai muka zaɓi zafin bazara da shan ruwa. Mun sani sarai akwai wanda zai yi murmushi ya ce, yanzu mutumin Gwarzo ko na Kabo za a koya wa shan ruwa, shi da aka haifa cikin rana, ya girma cikinta? To, lalle an haife mu cikinta. Amma sabo da abu yakan sa a daina ganinsa. Kowace bazara mukan ji an ce wane ya faɗi a gona, ko tsohuwa wance ta kwanta da azahar ba ta tashi ba, sai mu ce zazzaɓi ne, mu yi ta'aziyya mu watse. Rai na Allah ne, babu mai musun wannan, amma an hore mu da neman sababi da yin rigakafi.

Abin da muke so mu kafa a yau guda ɗaya ne. Rana ɗaya ce take dukan kowa, amma wanda take kayarwa shi ne wanda ruwan jikinsa ya ƙare bai ankara ba, ko kuwa wanda ba shi da mai miƙa masa moɗa. Magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mun saba ɗaukar wannan magana a kan sha'anin jari da neman kuɗi, amma a yau za mu ɗauke ta a yadda take.

Dalilin Zafin Bazara

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kabuga, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo har ta isa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, ya san yadda kwalta take walƙiya a watan Afrilu. A wannan wata zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 39 ko 40 a ma'aunin Salsiyas, wasu ranaku ma ya haura haka.

Dalili kuwa shi ne, ƙasarmu tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai bisa kanmu da tsakar rana, har mutum ya nemi inuwarsa ya rasa. Takan sake yin haka a watan Agusta, amma a lokacin akwai gizagizai da ruwan sama da ganye. A bazara kuwa hazon hunturu ya yaye, gajimare bai taru ba, ƙasa ta bushe, gonaki fayau. Daɗin daɗawa, idan damina ta matso, iskar kudu takan fara shigowa da laima. Wannan laima ita ce take sa gumi ya tsaya a jiki ya ƙi bushewa, shi ya sa kwanakin da ke gab da ruwan fari suka fi kowane lokaci wuya, dare da rana.

Abin lura shi ne, wannan lokaci ya zo daidai da lokacin aiki mai nauyi: sharar gona, kai taki, buga bulo da gyaran soraye kafin ruwa ya sauka. Kuma shi ne lokacin da rijiyoyi suke ja da baya, kuɗin jarka ya tashi. Watau buƙatar ruwa tana ƙaruwa a daidai sa'ad da ruwan yake ƙaranci.

Yadda Jiki Yake Kare Kansa

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, kuma jiki yana son zafinsa ya tsaya wajen digiri 37. Idan zafin waje ya haura na jiki, babbar hanyar da ta rage masa ta sanyaya kansa ita ce gumi. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To, jikin ɗan Adam ma randa ne. Muddin akwai ruwa a ciki, yana tsattsafowa yana bushewa, jiki zai yi sanyi. Idan randa ta ƙafe, sai ta ɗau zafi kamar kowane kasko.

Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a sa'a guda, tare da gishirin da ke cikinsa. Idan ba a mayar ba, jini yakan ragu, zuciya ta ƙara bugawa don ta kai shi ga fata da ƙwaƙwalwa, ƙoda kuma ta riƙe fitsari. Matsalar ita ce ƙishirwa takan makara. Kafin mutum ya ji ta sosai, jiki ya riga ya ci bashi. Ma'aunin da ya fi ta gaskiya shi ne fitsari: idan yana da yawa kuma fari-fari ne, to, lafiya; idan ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi, jiki yana neman agaji.

Wannan bashi idan ana ta maimaita shi yau da gobe, ƙoda ce take biya. A ƙasashen Nikaraguwa da Elsalbado an ga ciwon ƙoda ya yawaita ƙwarai tsakanin masu saran rake, samari majiya ƙarfi, kuma da aka tsara musu ruwa da hutu da inuwa cikin sa'o'in aiki sai raunin ƙodar ya ragu. Manominmu da ɗan garuwa da mai fasa dutse ba su da wata ƙoda daban da tasu.

Darasin Shekarar 2024

Kada a ɗauka tsoratarwa muke yi. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024 an yi wani matsanancin zafi a yankin Sahel. Ran 3 ga Afrilu, a garin Kayes na ƙasar Mali, ma'auni ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ya ƙirga. Da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne. Masana yanayi da suka bincika sun ce ɗumamar duniya ce ta kai zafin wannan matsayi, kuma irinsa zai riƙa dawowa.

A watan Yuni na wannan shekara, lokacin aikin Hajji, zafi ya haura digiri 51 a Makka. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu waɗanda ba su da izinin aikin Hajji ne, suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba tanti, ba motar da za ta ɗauke su. Allah ya jiƙansu. Rana ɗaya ta doki alhazai duka, amma ku dubi waɗanda ta ɗauka.

Su Wa Za Mu Fi Sa Wa Ido?

Na farko tsofaffi. Idan shekaru suka ja, jin ƙishirwa yakan ragu, sai kaka ta wuni a ɗakin kwano ba ta nemi ruwa ba, ba kuwa don jikinta ba ya so ba. Kada a jira ta tambaya. A ajiye mata ruwa inda hannunta zai kai, a riƙa leƙa ta, a fito da ita inuwa idan ɗaki ya ɗau zafi. Mai hawan jini ko ciwon sukari, musamman mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, ya nemi shawarar likita tun kafin bazara ta kama. Wanda kuma likita ya ƙayyade masa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, to, maganar likitansa ita ce gaba da tamu.

Na biyu jarirai da ƙananan yara. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi ko da a bazara ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Abin da ake so shi ne a yawaita ba shi mama, ita kuma uwar ta yawaita shan ruwa da kunu. Ɗura masa ruwan randa yana iya jawo gudawa, gudawa kuwa cikin zafi ita ce mai saurin ƙarar da yaro. Idan idonsa ya zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ko ya kasa kama mama, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Haka nan kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko da na ɗan lokaci ne.

Na uku iyayenmu mata. Mace mai ciki ko mai jego, da mai tuyar ƙosai, da wadda ta wuni a bakin murhu, zafi biyu suke sha. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Mata da 'yan mata da yawa sukan rage shan ruwa da gangan idan za su kasuwa ko makaranta, don babu makewayin da za su shiga cikin sutura. Amarya ma takan ji nauyin sha a gaban surukai. Kunya ado ce, amma wajibi ne mu gyara wuraren da suke tilasta wa mace ta zaɓi tsakanin kunyarta da lafiyarta.

Na huɗu waɗanda abincinsu yake cikin rana: manoma, makiyaya, 'yan acaɓa, 'yan talla, almajirai, da 'yan garuwa waɗanda suke tura ruwan wasu alhali nasu jikin yana ƙafewa. A nan jarumtaka ce take cutar da mu. Saurayi yana ganin abin kunya ne ya bar kunya bai kai ƙarshenta ba don ya sha ruwa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka bayar ita ce kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20, watau kimanin ledar ruwa ɗaya kowane rabin sa'a, ko da ba a ji ƙishirwa ba. A sha kafin a fita, a sha kaɗan-kaɗan, kada kuma a wuce lita ɗaya da rabi a sa'a guda. A ci abinci, domin da shi gishirin da ya fita yake dawowa. Fura da nono, kunun tsamiya, farau-farau, zoɓo marar yawan sukari da kankana duk sun fi lemon kwalba amfani. A fita da sassafe, a sauka kafin rana ta take, a koma bayan la'asar. Malafa da farar riga mai faɗi ba ƙauyanci ba ne.

Game da azumi, kun san watan Ramalana yana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara. Daga 2019 zuwa 2024 ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi a ƙarshen shekarun 1980, kuma zai sake zagayowa bayan kimanin shekara 33. Mai azumi cikin zafi ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur, ya rage gishiri, ya mai da aiki mai nauyi bayan asuba. Malamanmu sun yi bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa majinyaci da mai ciki da mai shayarwa da wanda ya ji tsoron halaka, sai a tambaye su.

Alamu da Agajin Gaggawa

Cutar zafi hawa biyu ce. Hawa na farko shi ne galabaita: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, murɗewar tsoka da gumi mai yawa, amma mutum yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan akwai ruwan gishiri da sukari ya fi. Ana samun ƙullinsa a kemis, idan kuma babu, a zuba cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, watau leda biyu. Kada ya fi hawaye gishiri, kada kuma ya wuce kwana ɗaya. Kada ku raina wannan haɗi. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi ga masu amai da gudawa, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A nan gida Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙarin yaɗa shi.

Hawa na biyu shi ne bugun rana, wanda yake kisa. Zafin jiki ya kai digiri 40 ko fiye, mutum ya ruɗe, ya yi sambatu, ya yi tangaɗi, ko ya yi jijjiga ya suma. A nan ne mukan yi kuskure. Da yake abin yakan faru da rana tsaka kuma mutum yana surutai, sai a ce iska ce, a rufe shi a ɗaki, jama'a su yi masa zobe, a turara hayaƙi. Jama'a, addu'a ba ta hana zuba ruwa. A fitar da shi inuwa mai iska, a cire masa riga, a kwarara masa ruwa tun daga kai har ƙafa, a yi ta fifita da mafici ko faifai, a sa jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe. A juya shi ta gefe. Ƙwayar zazzaɓi ba ta sauke irin wannan zafi. A nemi mota zuwa Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, ana tafe ana jiƙa shi.

Har wa yau, rani da bazara su ne lokacin sanƙarau. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, na asibiti ne nan take. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe tagogi, a karɓi allurar rigakafi.

Wane Ruwa Za A Sha?

Faɗin a sha ruwa yana da sauƙi a wannan zaure. Mafi ƙarancin abin da mutum yake buƙata don sha da girki da ɗan tsabta shi ne wajen lita 20 a rana. Gida mai mutum goma ke nan yana neman lita 200, jarka takwas masu cin lita 25, kullum. Wanda ya san kuɗin jarka a watan Afrilu ya san dalilin da ya sa ake tsimi.

Ba za a ce ba a yi ƙoƙari ba. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975 kuma ya ga farin 1973, aka ɗauki hanyar gina madatsun ruwa. An gama Tiga a 1974, aka gama Challawa da ke maƙwabciyarmu Ƙaraye a 1992, ga kuma irin su Guzuguzu da Magaga da Pada a wannan yanki namu. Amma ruwan da ke kwance a madatsa daban, wanda ke cikin randar tsohuwa a Getso ko Garo daban. Tsakaninsu akwai bututu da inji da mai gyara.

Idan rijiya ta ƙafe, jama'a sukan koma kududdufi. Alif yana kwantar da laka amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa ruwan, ko a sa masa maganin kulorin bisa ƙa'ida, ko a zuba shi cikin farar gorar roba a shanya a rana sa'a shida, idan ruwan ba mai gurɓi ba ne. A rufe randa, a ware mata moɗa mai dogon hannu. Yaran da zafi yake kora zuwa madatsa kuwa, haɗari biyu ke jiransu, nutsewa da tsargiya. Kada mu yanke ƙauna: a ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, amma da tace ruwa da wayar da kai aka kawar da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2013.

Aikin Ɗalibi

'Yan'uwa ɗalibai, da kuɗin gero da gyaɗar waɗannan mutane aka kawo mu nan. Ga abin da muke roƙo idan mun koma gida hutu.

Mu zaga unguwanninmu mu rubuta rijiyoyin burtsatse nawa ne suke aiki, nawa suka lalace, kuma me ya lalace. Takarda mai suna da lamba ta fi ƙorafi a majalisa ƙarfi idan an kai ta ga dagaci da kansila da ƙaramar hukuma. Mu farfaɗo da randar sadaka a ƙofar masallaci da tasha da bakin kasuwa, a sa mai kula da tsabtarta. Mu roƙi shugabannin makarantun boko da na allo su tanadi ruwa da makewayi, su kuma kau da aikin fili daga tsakar rana. Mu saurari gargaɗin hukumar kula da yanayi ta NiMet a rediyo, mu isar da shi ga wanda bai ji ba. Mu dasa itatuwa idan ruwa ya sauka, mu kuma shayar da su a rani, domin dashen da ba a bi shi da ruwa ba hoto ne kawai. A bar gawo a gona, shi da yake fid da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. 'Yan'uwanmu mata kuwa, ku ne za ku shiga inda mu maza ba ma shiga, ku koyar da haɗin gishiri da sukari a tsakar gida.

Kammalawa

Ba mu da ikon rage wa rana zafi, kuma alamu sun nuna za ta ƙara. Amma moɗar ruwa kafin a fita, da sa'a biyu a gindin darbejiya, da leƙa tsohuwar da ke ɗaki ita kaɗai, duk suna hannunmu. Kowannenmu ya tuna mutum ɗaya a gidansu wanda ba zai iya ɗebo wa kansa ruwa ba, ya ɗauki nauyinsa a bazarar da ke tafe.

 Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure malamanmu su gyara mana. Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka.